Shaidar Bare: Tunawa da Dokta Abdulwahidu Kalilu Haɗeja

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda yake rayawa, yake kashewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Malam Liman, Alhaji Zulkiflu shugaban al'ummarmu ta Kuala Lumpur, malamanmu na jami'o'i, mahaifiyarmu Iya, wadda aka kunna mata waya tana jinmu daga Haɗeja, Hajiya Hureira, mai ɗakin marigayi, da 'yarmu Khaulah, ƙanensa Al-Amin, 'yan'uwa ɗalibai, na cikin wannan ɗan masallaci na Danau Kota da muka zazzauna nesa da juna da takunkumi a fuska, da na gida masu binmu ta Zoom: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sunana Muttaka, ni ne sakataren Zauren Haziƙai, ƙungiyar da marigayi Dokta Abdulwahidu ya kafa don karrama ɗalibanmu da suka yi fice. A madadin Zaure da al'umma zan yi magana.

Zan fara da gyara wani kuskure da kusan duk sabon ɗalibi yake sauka da shi. Ana ɗauka cewa maki ne ke shigar da mutum Zaure, da ka ci jarrabawa da kyau sai a kira ka. Wasu ma suna haɗa shi da ƙungiyoyin nan na ƙetare masu aiko saƙon taya murna, su ce an zaɓe ka, ka biya a aiko maka da takardar yabo ta ratayawa a bango. Zaure ba ya karɓar ko sisi, kuma maki bakin ƙofa kawai yake kai mutum. Sai ka kasance cikin na gaba-gaba a ajinku kafin a dube ka, wannan gaskiya ne. Amma wanda zai buɗe maka ƙofar bare ne: mutumin da ba ɗan jiharku ba, ba daga jami'ar da ta turo ka ba, ba kuma malamin da ke duba bincikenka ba. Shi zai karanta aikinka, ya zauna da kai, sannan ya tsaya gaban kwamiti ya ce, "Na gani, na kuma yarda." Wannan ita ce shaidar bare. Wanda ya samu shiga, sai a haɗa shi da babban malami mai yi masa jagora, a kuma aika sunansa ga malamai masu neman ɗaliban digirin digirgir. Da yawa daga cikin daktocinmu ta nan suka bi.

Wanda bai fahimci wannan doka ba, bai san mutumin da muka rasa ba.

Mun rasa shi a watan Yuli, lokacin da korona ta fi tsanani. Ba mu wanke shi da hannunmu ba. Ma'aikatan asibiti sanye da fararen kayan kariya su suka yi masa sutura, suka kai shi makwancinsa, mu muna kulle a gidajenmu muna kallo ta waya. Sai yanzu da aka sassauta wa masu riga-kafi muka samu haɗuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya kasance mutumin da ba ya gudun gaskiya ko da a kansa ta faɗo. A shekarar farko ta Zaure babu wannan doka. Kwamiti ya zauna ya zaɓi haziƙai, aka karanta sunaye a wani shagon mamak na unguwar Sri Petaling, irin gidajen abincin nan na Indiyawa Musulmi da muke taruwa. Ana gamawa sai Ubale, mutumin Gombe, ya ture kofin shayinsa ya ce, "Malamai, wannan Zauren Haziƙai ne ko Zauren Kano da Jigawa?"

Wani Bakano ya ce, har da kwaikwayon lafazin mutanen ƙasar nan, "To ku Gombawa ku yi karatu mana, lah!"

Nan take aka miƙe tsaye, mai shago ya fara tattara kofunansa. Dokta ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya ce, "Ubale ya yi gaskiya, kuma ni na shugabanci kwamitin. Babu wanda ya ci amana a cikinmu. Kowa wanda ya sani ya zaɓa. Matsalar ita ce kowannenmu ɗan garinsu kaɗai ya sani." A teburin nan ya soke zaɓen gaba ɗaya, har da na ɗalibin da shi kansa ya gabatar. A teburin nan aka haifi shaidar bare.

Ya kasance ba ya ɗora wa wani kayan da shi bai ɗauka ba. Dokta Kamila tana tare da mu ta Zoom, ita ta ba ni izinin wannan labari. 'Yar Kebbi ce, bincikenta a kan sarrafa dusar kwakwar manja, shi kuwa masanin tarihi ne. Ya hau jirgin ƙasa har gidansu, ya zauna a falo tare da maigidanta, ya ce, "Malama, ni ban san kimiyya ba. Ki yi mini bayani yadda za ki yi wa mai sayar da manja a kasuwar Birnin Kebbi." Ta yi bayani. Ya yi ta tambaya har ya kai wani wuri da gwajinta bai kammala ba, ta rufe shi da kalmomi masu daɗi. Ya naɗe takardun ya ce, "Bana ba zan yi shaida ba. Baɗi ki kira ni." Ta ce ta daɗe ba ta amsa sallamarsa a waya ba. Da shekara ta zagayo ta kira shi, ya dawo, ya yi shaida. Yau ita ke jagorantar wasu.

Ya kasance uba ga wanda ba shi da kowa a ƙasar nan. Da aka saka dokar kulle, kuɗin tallafin karatu na wasu ya maƙale a gida, shi ya tsara yadda za a yi tapau, a ƙunso abinci a ajiye a ƙofar duk wanda aka killace. Ko a nan bai bar halinsa ba. Sai ya tura Bakano ƙofar Babarbare, Basakkwace ƙofar Bakatsine. In an ce masa ai wane ya fi kusa, sai ya ce, "Na sani. So nake su san ƙofar juna." Khaulah, ke ce mai rubuta sunaye a jikin ledoji, kina yi masa gardama da Turanci yana amsa miki da Hausa. 'Yata, wannan shi ne Abbanki. Duk inda kika shiga cikinmu, gidanku kika shiga.

Yanzu zan zo kan abin da kowa ke jira, abin da ya sa wasunmu suka shigo masallacin nan ba su gaisa ba.

Al-Amin yana zangonsa na ƙarshe a digiri na biyu. Zaure ɗalibi mai karatu kaɗai yake ɗauka, kuma ranar Juma'ar nan za a rufe zaɓen bana. Idan bai shiga yanzu ba, ba zai taɓa shiga ba. Makinsa ya kai, har ya wuce. Abin da ba shi da shi shaida ce. Yaron nan ya sauka ƙasar nan ana gab da saka dokar kulle. Tun daga ranar yana gidan wansa, karatunsa duk ta kwamfuta, maƙwabtansa na sama da na ƙasa duk mutanen Jigawa ne, domin haka muke zama, kowa kusa da nasa. A ina zai haɗu da bare?

Bara ya roƙi wansa, a gabana. Ya ce, "Yaya, kalma ɗaya fa. Ka ce wa ɗaya daga cikin abokanka ya duba aikina."

Dokta ya ce, "In na ce ya duba, fuskata zai duba."

Al-Amin ya ce, "Ashe gara a ce ni ba ƙanenka ba ne."

Dokta ya ce, "Kulle zai wuce, Aminu. Ka fita ka nemo da ƙafarka." Kullen bai wuce ba sai da ya wuce da shi.

Saboda haka Alhaji Zulkiflu ya kawo shawara: a shigar da Al-Amin ba tare da shaida ba, don girmama marigayi. Mutane da yawa sun goyi baya a dandalinmu na WhatsApp. An kira waɗanda suka yi jinkiri marasa tausayi, an ce doka ba aya ba ce. Kwamiti zai zauna da zarar mun tashi daga nan.

Alhaji, ranka ya daɗe, kai ne ka tsaya a ƙofar asibiti ana korarka, kai ne ka bi takardun jana'iza ofis-ofis. Babu mai koya maka son Abdulwahidu. Na san daga ina shawararka ta fito. Amma ina roƙonka, a gaban jama'a, ka janye ta.

Iya, kin kira ni shekaranjiya. Kin ce, "Muttaka, kai ɗan gida ne, ka share wa yaron nan hawaye. Ɗaya ya tafi, kada a karya mini ɗayan." Na kasa ba ki amsa a waya, zan ba ki yanzu. Iya, da ɗan gida yana iya wannan shaida, da tuni na yi ta, domin na karanta aikinsa. Amma ni Bahaɗeje ne, ɗanki Abdulwahidu ya ɗaure mini baki, kuma daidai ya yi. Idan muka shigar da Al-Amin yau da hawaye, duk malamin da aka aika wa sunansa zai ji labari, domin mu ba ma riƙe magana. Za a ce, "Wannan ne wanda aka shigar don wansa ya rasu." Wannan suna zai bi shi har gida, har ajin da zai koyar. Baɗi kuma wani zai zo da nasa uzurin, mai nauyi shi ma, ba mu da bakin hana shi. Mu wayi gari mun koma teburin Sri Petaling.

Hajiya Hureira, ba mu tambaye ki ra'ayi ba, ba kuma za mu tambaye ki ba. Nauyin da ke kanki ya isa. Wannan namu ne.

Da safen nan na tambayi Al-Amin abin da yake so. Ba zan ƙawata amsarsa ba. Ya ce, "Malam, ni so nake in shiga. Ko ta wace ƙofa ce, ba zan yi maka ƙarya ba." Na ce, to in aka tara maka baƙi za ka iya tsayawa a gabansu? Ya ce, "Boleh. Zan iya."

To ga abin da dokar Zaure ba ta hana ba. Ranar Laraba bayan la'asar za mu buɗe Zoom. Al-Amin zai gabatar da bincikensa: yadda ake amfani da hotunan tauraron ɗan'adam a gano inda ciyawar kacala ta toshe Kogin Haɗeja kafin ambaliya ta ci gonaki. Ba shi kaɗai ba ne, domin ba shi kaɗai kulle ya raba da jama'a ba. Akwai Bintu 'yar Borno, akwai Ashafa na Zamfara, makinsu ya kai, babu wanda ya san su, su ba su da yayan da za a yi taro dominsa. Su ma za su gabatar.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ku matasa da kuka zo kwanan nan, kada wani ya ce shi bai isa ba. Ba sai ka zama dakta ba, ba sai fanninku ɗaya ba. Ka zaɓi mutum guda wanda ba ɗan jiharku ba, ka karɓi aikinsa yau, ka karanta, ka zo ranar Laraba da tambayoyinka, ko da kana jin kunyar su. Za ku sha mamakin abin da maƙwabcinku ya sani. Ku gwada sau ɗaya.

Sharaɗi ɗaya nake kafa muku, kuma mai tsanani ne. Kada wanda ya zo don tausayi. Kwamiti zai tambayi kowane mai shaida abin da ya gani a cikin aikin, shafi da shafi, tausayi kuwa ba ya amsa irin wannan tambaya. Idan ka saurari Al-Amin ka ga aikinsa bai kai ba, ka yi shiru, babu mai ganin laifinka. Idan Juma'a ta yi babu baren da ya tsaya masa, za mu rufe zaɓe babu sunansa, kuma ni da kaina zan kira Iya in faɗa mata.

Muna godiya ga masu kula da wannan masallaci da suka buɗe mana, ga Alhaji Zulkiflu da ya saurare ni har ƙarshe, da duk wanda ya ɗauki ɗawainiyar gidan marigayi tun watan Yuli.

Ya Allah, bawanKa Abdulwahidu ya rasu baƙo a ƙasar da ba tasa ba, Ka karɓi baƙuncinsa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka rubuta shi cikin shahidan annoba. Ka sanyaya zuciyar Iya, Ka ba Hureira haƙuri, Ka raya Khaulah bisa tafarkin mahaifinta. Ka yaye mana wannan cuta. Ka buɗe bakin Al-Amin ranar Laraba, Ka kuma ba mu ikon faɗin abin da muka gani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.