Kada a Janye Mana Maganin Hanjin Nan

Mai girma shugaban taro, shugabar likitocin binciken nan, malaman jinya, 'yan uwana masu fama da ciwon kumburin hanji, iyayenmu da matanmu da ke jinyarmu, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka zaɓe ni in yi magana a bikin rufe wannan bincike. Yabon gwani ya zama dole, likitoci kun yi aiki. An ce in zo in ba da labarin nasara, amma ku yi mini afuwa, zuciyata ba daɗi, kuma yau ba zan bar kaza cikin gashinta ba.

Da farko, ni direban babbar motar fasinja ne. Direban da cikinsa ke murɗawa yana zawo da jini, ina zai kai mutane? Na sha faka mota a gefen titi ina gudu bayan gari, fasinjoji na danna mini ham. Ranar da ban kai ba, kwandasta ya miƙo mini tawul ya kau da kai. Washegari maigidana ya karɓi makulli.

Na biyu, maganin. Likita ta ce mini: "Malam direba, fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki ne. Suna yawo a jijiya, su manne, su kutsa cikin bangon hanjinka, su yi ta yaƙi ba abokin gaba. Wannan ƙarin ruwan ba ya kashe su, hana su shiga hanjin yake yi." Na ce: "Wato fasinjoji ne masu sauka inda ba tasharsu ba?" Ta yi dariya ta ce haka ne. Wasu daga cikinmu maganin bai karɓe su ba, ga su nan zaune, ba mu manta da su ba. Ni ya karɓe ni. Jinin ya tsaya, na yi ƙiba, na koma kan sitiyari.

Na uku, kuma shi ne abin da ya tsayar da ni gabanku. Bincike ya ƙare, magani ya ƙare. An ce mu jira sai hukuma ta amince da shi. Takarda tana iya jira, hanji ba ya jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina roƙonku, ku da muryarku ke kaiwa inda tamu ba ta kaiwa, ku nema mana ci gaba da maganin. Tun makon jiya cikina ya fara magana, kuma tsoro nake ji. Ban gaya wa kowa a gida ba, amma da safen nan na tarar uwar 'ya'yana ta shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gadonmu. 

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, ya sa kukanmu ya isa inda za a ji shi, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.