Abin da Ya Hana Ni Sa Jan Anko

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Shugaban wannan taro, Alhaji Oumar. Wakilin magajin gari, wanda ya baro ofis mai sanyi ya zo ya zauna da mu a ƙarƙashin rumfa. Mai unguwar Jambutu da dattawansa. Liman da malamai. Shugabar ƙungiyarmu, Hajiya Mardiya. Malamarmu, Madam Josiane. Mazajenmu da suka yarda muka fito. 'Ya'yanmu da suka yi mana dariya a farko, yau kuma suka zo su yi mana tafi. 'Yan'uwana ɗalibai arba'in. Jama'a maza da mata: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Sadiƙa Adamu, amma a unguwa Maman Abdelkerim aka fi sani. Shekarata hamsin da huɗu. Takardar nan da ke hannuna ni na rubuta ta, kuma ni zan karanta ta, don haka in na tsaya a wani wuri ku yi haƙuri, rubutun nawa ne ya ƙi karantuwa.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana ƙarshen shekara biyu na karatun manya. Ina gode wa Madam Josiane, wadda ta faɗa mini sau ɗari cewa b yana kallon dama, d yana kallon hagu, ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ina gode wa Hajiya Mardiya da ta ba ni wannan dama, alhali na san tana fushi da ni.

An ce in yi magana a kan amfanin karatu. Zan yi. Amma kowa a nan yana da ido. Mata arba'in suna zaune cikin jan anko, ni kaɗai na tsaya cikin shuɗi. Dokar ƙungiyarmu kuwa a fili take: wadda ba ta sa anko ba, ba ta shiga hoton taro. Na kuma ji abin da ake faɗa. An ce tun da ɗana ya tafi Turai na daina sa atamfar da talaka zai iya saye. An ce a wurin Hajiya Mardiya aka sari atamfar, shi ya sa na ƙi. Duk na ji, domin a bakin famfo ake faɗa, ni ma a can nake ɗiban ruwa. To yau zan ba da bayani, kuma sai na bi ta tarihin ƙwallon ƙafa na wata ƙasa mai suna Bulgeriya. Wanda yake da uzuri ya riƙe shi tukuna.

Na farko. Ɗana Abdelkerim, wanda da yawanku kun sha korarsa daga ƙofar gidajenku saboda ƙwallo, yau shekara uku ke nan yana buga ƙwallo a Bulgeriya, a rukuni na sama. Mai tsaron baya ne, lamba ashirin da bakwai. Ya hana ni faɗin sunan ƙungiyarsa a bainar jama'a, kuma za ku ji dalili. Saboda shi na shiga aji. Na ce ba zan zauna kullum ina roƙon ƙanwarsa Ikram ta duba mini waya ko sun ci ko an ci su ba. Na wahala na koyi a, b, c. Da na gama sai na tarar ƙasar da ya tafi ba da su take rubutu ba, suna da nasu haruffan daban. Na dai zauna a gefen gado na ɗan lokaci.

Na biyu, tarihin. Madam Josiane ta buga mini shi a takarda, muka karanta layi-layi, na kwafe a littafina. A babban birninsu, Sofiya, akwai manyan ƙungiyoyi biyu. Ɗaya ita ce Levski, 'yan makaranta suka kafa ta a 1914, rigarta shuɗiya. Ɗayar ta sojoji ce, an kafa ta a 1948, rigarta ja, sunanta haruffa huɗu: C, S, K, A. Na iya karanta su ɗaya bayan ɗaya, amma har yau ba su haɗu sun ba ni kalma ba. Karawar waɗannan biyu suna kiranta karawar har abada. Har abada dai na Allah ne, amma haka suka sa mata.

Kada ku ɗauka irin gardamar da samarinmu suke yi ce a bakin filin Rumde Ajiya, a yi ihu, a tashi a hau mashin ɗaya a koma gida. A 1985 waɗannan biyu suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin ƙasa, 'yan wasa suka kaure da faɗa a cikin fili, har alƙalin wasa bai tsira ba. Hukumar ƙasar ta wancan zamani ta rushe ƙungiyoyin duka biyu, ta canza musu suna: ɗaya aka ba ta sunan wani dutse, Vitosha, ɗaya aka ba ta tsohon sunan birnin, Sredets. Shekara huɗu suna amsa sunan da ba nasu ba. Suna ya canza, gaba ba ta canza ba. Ni na raini yara bakwai, da an tambaye ni da na gaya musu haka tun farko.

A birni na biyu, Plovdiv, akwai Botev masu rawaya da baƙi, akwai Lokomotiv na ma'aikatan jirgin ƙasa masu baƙi da fari, su ma ba sa ga maciji. Jajayen Sofiya ma yanzu biyu ne, suna ɗaya, launi ɗaya, kowa yana cewa shi ne na asali. Kuma duk suna cikin wannan rigima sai ga wata ƙungiya mai koriyar riga, Ludogorets, daga wani ƙaramin gari da garinmu Garuwa ya ninka shi sau da yawa, ta hau rukuni na sama, ta ɗauke kofi a 2012, ta sake ɗauka, ta sake ɗauka, sama da shekara goma a jere. Ja da shuɗi suna kallo, amma hakan bai sa sun gaisa ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: a ƙasar nan launi ba ado ba ne. A nan mace tana zaɓen launi don ya dace da fatarta. A can launi yana faɗin wane ne kai, wane ne ubanka, kuma ta wace hanya za ka bi ka koma gida.

Na uku, laifina. Garin da ɗana yake shi ma ƙungiya biyu gare shi, shuɗi da ja. Ɗana yana shuɗi. Ni ban sani ba a lokacin, domin lokacin ina kan b da d. Abin da na sani, ya ce mini akwai sanyin da ruwa ke zama dutse a cikin bokiti. Na tafi babbar kasuwa, na ce a ba ni zaren ulu mafi kauri. Mafi kaurin ja ne. Na yi mako uku ina saƙa masa hula da abin wuya, saƙa riɓi biyu, na aika.

Da kaya suka isa na kira shi. Na ce, "Ka sa, ka ɗauki hoto in gani."

Ya ce, "Inna, akwai wata 'yar magana a kan launin."

Na ce, "Babu wata magana. Idona ya kusa mutuwa a kan hular nan. Ka sa, kuma ka tsaya a ƙofar wurin aikinka in ga inda kake aiki."

Ya ce, "To, Inna."

Haka muka tarbiyyantar da shi. Ya sa jar hula da jan abin wuya, ya tsaya a ƙofar filin masu shuɗi, saura kwana biyu su kara da jajayen garin. Ya ɗauki hoto. Wani mai wucewa shi ma ya ɗauka, ya watsa.

Bai gaya mini abin da ya biyo baya ba. Kullum na kira sai ya ce lafiya lau. Karatu ne ya tona. A waya akwai jerin sunayen masu buga wasa da haruffan da na koya, kuma na saba ganin sunansa a sama. Mako huɗu a jere na gan shi a ƙasa, bayan wani layi. Na kai wa Madam Josiane, na ce mene ne ma'anar layin nan. Ta ce, "Maman, na ƙasan layi su ne masu zaman benci." Sannan na ga hoton wani dogon ƙyalle da magoya bayansu suka ɗaga, da lamba ashirin da bakwai a jiki. Lambar na gane. Sauran na kwafe harafi-harafi kamar mai zanen lalle, na kai mata. Ta juya littafin sama da ƙasa, ta ce waɗannan ba nata ba ne. Wayar Ikram ce ta fassara mana. An rubuta: "Ka koma gida da hularka."

Nasu mutanen suna yi masa ihu duk lokacin da ƙwallo ta zo ƙafarsa. Mai horar da su ya ajiye shi har ƙura ta lafa. Tsohuwar da yake sayen burodi a wurinta ta daina amsa gaisuwarsa. Yaro yana ƙasar da ba shi da kowa, yana cin abinci shi kaɗai, saboda ya yi wa uwarsa biyayya. Na gaya wa mai gidana, ya ce, "Ƙwallo ce fa." Na ce masa ni ma da haka na ɗauka.

Yadda aka kashe wutar, Abdelkerim ya fito ya yi bayani a shafin ƙungiyarsu. Ya sa hotona, ina zaune da zaren saƙa. Ya ce wannan ita ce uwata, tana Garuwa, ba ta iya karatu ba, ba ta san ja ba, ba ta san shuɗi ba, sanyi kawai ta ji mini. Mutanen suka yi dariya, suka yafe. Tsohuwar burodi ta aiko mini da zaren ulu shuɗi. Ya koma saman layi. Tun daga ranar mutum fiye da dubu uku na garin suke bin shafin Ikram, duk hoton da na fito a ciki sai sun gani. Ranar sunan jikata ma sun yi sharhi a kan ɗaurin ɗankwalina.

To, jama'a, ku dubi inda nake. An yafe mini ne saboda jahilci. Yau kuma wakilin magajin gari zai miƙa mini takarda mai hatimi, wadda ke shaida wa duniya cewa na daina jahilci. In na tsaya a hoto da jan anko tun daga kai har ƙafa, da wannan takarda a hannu, wane uzuri ya rage mini? Ran Lahadi mai zuwa za su sake karawa da jajayen. A watan Yuni kwantiraginsa zai ƙare, kuma masu sabunta shi suna da kunne, suna jin abin da filin yake faɗa. Ga amfanin karatu da aka ce in faɗa: da ban sani ba, na saƙa jar hula da zuciya ɗaya, yanzu na sani, ko jan barkono na gani a faranti sai na duba ko akwai mai waya a kusa.

Amma ina son hoton nan. Shekara biyu muka yi a benci ɗaya. Tare muka ji kunya a gaban allo, tare aka yi mana dariya. Ba na son jikokina su duba su ƙirga arba'in, su tambaya ina kakarsu take.

Saboda haka ga roƙona, na huɗu kuma na ƙarshe. Jiya na je wurin Étienne mai hoto, ga shi can tsaye. Na ce, "Za ka iya ɗaukar hoto irin na da, wanda ba launi, baƙi da fari kawai?" Ya ce, "Maman, maɓalli ɗaya ne." Na koma gida na duba littafina. Baƙi da fari na Lokomotiv ne na Plovdiv, kuma ba su da wata rigima da ɗana.

Hajiya Mardiya, yayata, ki dubi jakar nan. Ga ankon. Tun watan jiya na saya a wurin 'yarki, na ce kada ta faɗa miki sai na sami mafita. An ɗinka, an goge. In kin yarda, in shugaban taro ya yarda, Étienne ya ɗauka baƙi da fari, kowa ya mai da wayarsa aljihu na minti biyar, har da wakilin magajin gari, tare da girmamawa. Zan shiga aji in sa, in fito in tsaya a tsakiyarku. Mu da muke nan mun san ja ne. Su can su ga mata arba'in da ɗaya, kowace da takardarta.

Na ga Hajiya ta gyaɗa kai. A Bulgeriya gyaɗa kai yana nufin a'a, amma nan Jambutu ne.

Allah ya saka wa malamarmu da alheri. Allah ya sa karatun nan ya amfane mu, ya kuma ba mu ƙarfin ɗaukar abin da za mu karanta. Allah ya tsare 'ya'yanmu da ke nesa, na Yawunde da na Kano da na ƙasashen sanyi, ya bar sunayensu a saman layi. Allah ya shirya tsakanin ja da shuɗi, domin ba abin da ya gagare shi. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Étienne, ka jira ni, ɗaurin ɗankwalin yana ɗaukar lokaci.

Na gode.