Jakar da Ba Ta Shiga Gida

A tashar motar garin Danlí, wata dattijuwa na zaune da kwando a cinya, agwagi biyu suna leƙowa. Wani mutum mai baƙar jaka ya zauna kusa da ita.

"Baiwar Allah, yau akwai dabge ke nan?"

"Dabge? Rufa mini asiri, ma'aikatana ne! Dodon koɗi ya kusa cinye waken lambuna, cikin kwana tara suka share shi tas, har da ƙananan ciyayi! 'Yata zan kai wa aro."

"Ai da maganin feshi kika saya. Shi nake sayarwa, ga shi a jaka."

"Ni Eufemia? Allah ya kiyaye! Bara na fesa, jikata Yolani ta kwana uku a asibiti, numfashi na sarƙewa. Tun ranar na rantse."

"To, ƙwarin da ke huda wake a buhu fa? Agwagwa za ki jefa ciki?"

"Toka, bawan Allah! Tokar murhu, a cakuɗa da waken, shi ke nan!"

"A'a, sai kin tankaɗe ta tukuna, ki ƙara busasshen barkono. Shekara guda ko ƙwaro ɗaya ba za ki..."

"Iye! Mai maganin feshi, ina ka san wannan?"

Ya tura jakar ƙarƙashin benci da ƙafa.

"Matata Reinalda ce ta koya mini. Ba ta yarda jakar nan ta shiga gida, a rumfar awaki take kwana."

"Kai, mace mai hankali! Ka taɓa gwada shigar da ita?"

"Sau ɗaya. Ranar ni da jakar tare muka kwana a rumfar."