Kwale-kwalen Marigayi

Rosina na jiran jirgin ruwan tsibirin Malaita, rungume da jikarta mai zazzaɓi, sai wata mai tallan kifi ta taɓa goshin yarinyar.

"Iya, aikin sauro ne wannan. Ku zubar da duk wani ruwan da ke kwance."

"Ba mu da shi, 'yar nan. Sai na kwale-kwalen marigayi maigidana, da nake cikawa kada katakon ya tsage. Shi kuwa ruwan teku ne, gishiri zalla."

"Kin leƙa ciki?"



"Na leƙa. 'Ya'yan sauro ne baƙi ƙirin, suna ta motsi. Na fesa magani, washegari suka ƙaru."

"To ki kife shi mana!"

"Na kife. Amma kullum in teku ya cika ya janye, sai ya bar mana ruwa a ƙarƙashin ɗakinmu da ke kan turaku. Shi wa zai kife?"