Rigar Inna ta Zuwa Gembu

Zuhura: Salamu alaikum. Yaya Taiba?

Taiba: Wa alaikumus salam. Zuhura ce? Ina wuni?

Zuhura: Lafiya lau, Yaya. Ina gajiya? Ya mutanen Maradun?

Taiba: Ba gajiya, duk lafiya. Ya Mafara, ya zafi?

Zuhura: Zafi lokacinsa ne. Ya maigida da ƙafar tasa?

Taiba: Da sauƙi, har ya koma fadama. Ya yara? Ya Inna?

Zuhura: Inna tana ɗaki tana gumi, Alhamdu lillahi.

Taiba: Subhanallahi! Zazzaɓi?

Zuhura: Wane zazzaɓi! Rigar sanyi ta saka. Yaya Sanusi yana wurinta yanzu haka.

Taiba: Rigar sanyi a bazarar nan? Ke, tsaya. Ba Yaya ya ce ba za a je da ita Gembu ba? Ya ce sanyin kan dutsen zai tayar mata da ciwon ƙirji.

Zuhura: Cewa ya yi sai ya ga kayan sanyi a jikinta da idonsa. Ya san ba ta sakawa, shi ya sa. Ni kuwa na ce, ƙanwarmu Gimbiya da ke aure can ta yi shekaru tana jiran haihuwa, ta samu ɗiya, an sa mata sunan Inna, sannan Inna ta gan ta a hoton waya kawai? Ba da ni ba.

Taiba: To ina kika samu kayan? Halo? Zuhura?

Zuhura: Ina jinki. Ki fita tsakar gida, murya na yankewa.

Taiba: Na fito. Ina kika samu?

Zuhura: Ranar kasuwa na zagaye 'yan gwanjo kaf. Kowa ya kalle ni sai dariya, wai sun ɗaure kayan sanyi sai kaka. Malam Jatau har cewa ya yi, “Hajiya, ko firiji za ki koma da zama?” Na ja benci na zauna a rumfarsa ina masa firar Gembu, ina tare masa masu ciniki. Da ya ga ba tashi zan yi ba, da kansa ya yanke igiyar dila.

Taiba: Zuhura ke nan! Sai kika ɗebo.

Zuhura: Na yara, nawa, na Yaya, har naki. Na wanke, na kai wa Inna nata. Ta ɗaga da yatsa biyu kamar mushe.

Taiba: Ai na sani!

Zuhura: Wai ita ba za ta yi salla da rigar da ba ta san mai ita ba. Na ce to a sayo sabuwa daga Gusau. Ta ce wannan mai matse jiki ta 'yan ƙwallo? Gara ta zauna gida. Tana faɗa kuma tana share ido da bakin zane.

Taiba: Allah sarki Inna.

Zuhura: Sai na tuna gwadon Baba.

Taiba: Gwanjon Baba?

Zuhura: Gwado! Mai kaurin nan, saƙar hannu, da marigayi yake lulluɓa in zai je gadin gona.

Taiba: Wanda take ɓoyewa a ƙasan adaka? Ko taɓawa ba ta bari a yi!

Zuhura: Ban roƙa ba. Na dai tambaye ta ko Baba ya taɓa jin sanyi a cikinsa. Washegari da hannunta ta miƙo mini, ta ce kada a yar da ko ƙyalle. Na kai wa Zakiyya tela a Bakura, ta ɗinka shi a cikin doguwar rigar Inna ta atamfa. Daga waje riga ce ta mutunci, daga ciki Baba ne. Ragowar ta yi hula da safar ƙafa.

Taiba: Kai! Wallahi har na ji hawaye. To ni me zan zuba? Na riga na sa an buga mini shadda, ga leshi...

Zuhura: Fitar da su! Gimbiya ta ce can damina ta sauka tuni. Sitaci ba ya kwana, wanki ba ya bushewa. Kuma mijinta zai gangara da mu kurmi mu ga birai, can kuma zafi da laima, ga ƙwari. Atamfa marar nauyi mai dogon hannu, da hijabi mai kauri saboda kan dutse. Kuma ba akwati.

Taiba: Ba akwati? A ka zan ɗauka?

Zuhura: Saman mota za a ɗaure kaya, ruwa zai yi ta dukansu. Buhun taki na sa aka kawo daga Damri, mai leda a ciki, na wanke tas. Na zuba kayan Yaya a ɗaya, na ɗaure, na sheƙa masa bokiti a gabansa. Ko ɗigo bai shiga ba.

Taiba: Mu je barka da buhun taki! Surukan Gimbiya su ce me?

Zuhura: Su ce ga baƙi da busassun kaya. Ki aro mana takalman roba na masu shinkafa wurin maigidanki, ƙanana da... tsaya. Ga Yaya ya fito.

Taiba: Me ya ce? Fuskarsa fa?

Zuhura: Shi ma gumin yake. Inna na biye da shi cikin rigar, da hula, har da safa. Ta tsaya tsakiyar rana ta riƙe ƙugu! Na'am, Yaya? Da gaske? Ayyururui!

Taiba: Ke, kunnena! Me ya ce?

Zuhura: Ya ce a bar mata kujerar gaba! Ya ce kuma don Allah a cire mata rigar nan kafin ta suma!

Taiba: Alhamdu lillahi! Ba ni ita in yi mata...

Zuhura: Ba za ta karɓa ba, ta ce ba ta cirewa sai ta goya takwararta. Inna! Inna, ki dawo inuwa! Yaya Taiba, sai na kira ki.