Mahon Akoko a Fiffiken Jirgi

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya sa nake tsaye a gabanku da ƙafafuna biyu.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Bulus, mutumin Dogonduci. Aiki ya kawo ni Agadas. Shekara tara ina gyaran moter, wato inji, wa Turawan nan masu neman ma'adinai cikin duwatsun Ayar. Baturen da ke tuƙa jirgin samansu ya ga hannuna yana da kyau, ya koya mini tuƙi, na je Yamai na samo takarda, ƴan shekaru bayan mun sami mulkin kai.

Tun ranar da takardar nan ta shiga aljihuna kaina ya kumbura. Na daina zuwa sujada. Matata Rahila ta ce mu yi addu'a, in ce na gaji. Ko gaisuwa sai in amsa da ka, kamar wani kumandan.

Da Baturen zai koma ƙasarsu, ya ce zai sayar da tsohon jirginsa mai kujera biyu. Na sayar da kamiyona, motata ta ɗaukar kaya, na saya. Irin jirgin nan ba ƙarfe ne a jikinsa ba, ƙyalle ne aka ɗame a kan ƙasusuwansa, aka shafe da wani magani har ya yi tauri. Wanda na saya ya shekara biyu a ajiye yana shan rana. A saman fiffiken hagu akwai yagewa kamar kamu biyu.

Baturen bai cuce ni ba. Ya nuna mini wurin, ya ce: "Bulus, ƙyallen duka ya mutu. Ka aika Yamai a kawo sabo da maganinsa. Kada ka tashi kafin nan."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce wata nawa zan zauna, garin nan duk an ji Bulus ya sayi jirgi?

Sai na tafi wurin maƙwabcina Malam Iliyasu maɗinki, dattijo Musulmi mai ƴaƴa bakwai, wanda duk unguwa ba mai allura kamar tasa. Na sayi akoko kamu huɗu da ƙaro tiya guda a kasuwa, na kai shi filin jirgi.

Ya shafa fiffiken, ya danna da yatsa, ya girgiza kai. Ya ce: "Bulus, wanga ƙyalle ya ruɓe. Ɗinkina zai riƙe, amma mi zai riƙe ɗinkin? Akoko sabo in ya sha ƙaro ya bushe tsukewa yakai, sai ya ja tsohon."

Na ce: "Baba, kai dai ɗinka. Sanin jirgi nawa ne."

Ya ɗinka, kwana biyu a kan tsani. Muka dama ƙaro muka shafe. Ya bushe ya yi ƙyalli, na ƙwanƙwasa na ji kamar ganga.

Ga inda laifina ya fi girma. A gaban mutane, a bakin rumfarsa, na ce: "Baba, in ka yarda da aikinka, gobe ka hau mu je Dabaga mu dawo." Aka yi dariya. Na san dattijo ba zai so a ce ya ji tsoron ɗinkin hannunsa ba. Sai ya ce: "Allah shi kai mu."

Rahila ta roƙe ni har da hawaye. Na ce mata harkar jirgi ba ta mata ba ce.

Da hantsi muka tashi, shi a kujerar baya da carbinsa. Na zaga da shi kan gari ya ga hasumiyar masallaci daga sama, na ji yana dariya kamar yaro. Muka miƙa arewa.

Muna hango lambunan Dabaga na ji ƙara, irin ta zane in an yage shi. Na duba hagu. Tsohon ƙyallen ya tsage daga gefen mahon, iska ta shiga ciki tana ɓare shi. Jirgin ya karkata. Na tura sandar tuƙi dama har ƙarshe, bai miƙe ba.

Ban ji tsoron mutuwata da farko ba. Abin da ya zo mini shi ne ƴaƴan nan bakwai, da matarsa da ta ba ni fura da safen nan ta ce in dawo mata da shi lafiya. Ni na ja shi da bakina.

Na yi wata takwas ban buɗe baki na kira Allah ba. Ran nan na kira. Na ce: "Yesu, ni ne mai laifi. Mutumin nan ya faɗa mini gaskiya na ƙi ji. In ni za ka ɗauka, ɗauke ni, amma ka mai da shi gida." A bayana Malam Iliyasu yana ta salati.

Sai hankalina ya dawo jikina. Na rage wuta, karkatar ta ɗan ragu. Sai ga busasshen rafin da ya bi ta gefen lambuna, fari fat, miƙaƙƙe, ba dutse a tsakiya. Na sha bi ta kan wurin nan ban taɓa lura da shi ba. Na sauke mu a kan rairayi. Ƙafar jirgin ta hagu ta karye, muka juya, muka tsaya da hanci a ƙasa.

Ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Masu lambu suka bar shanunsu a bakin rijiya suka sheƙo da gudu.

Malam Iliyasu ya fito, ya kakkaɓe rigarsa. Bai dube ni ba. Ya zaga wajen fiffiken, ya bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe. Ko zare ɗaya bai tsinke ba. Sa'an nan ya juyo ya ce: "Ka gani? Nawa ya riƙe."

Na durƙusa cikin rairayin nan na kama ƙafarsa ina kuka. Ya ɗaga ni ya ce: "Tashi, ɗana, mutane na kallo. Allah ya rufa muna asiri, ni da kai."

A bayan kamiyon albasa muka koma Agadas da yamma. Ni na raka shi har zaure. Ƙaramar ƴarsa ta fito ta rungume shi tana tambaya ko ya kawo mata tsaraba daga sama. Ban iya tsayawa ba.

Jirgin yana nan, an kwance fikafikansa. Wata na biyar ke nan ina jiran ƙyalle daga Yamai, kuma ba na gaggawa.

Ina yi wa Ubangiji godiya da ya ji mutumin da ya juya masa baya, ya kuma hana ni zama sanadin marayu bakwai. Ƴan'uwa, ku dogara gare shi tun kuna ƙasa. In wani ya faɗa muku gaskiya, ko maɗinki ne ko matar gidanku, ku saurara. Yabo ya tabbata ga sunan Yesu. Amin.