Gargaɗin da Barka Ta Binne

Shugaban taro, mai girma manaja, shugabannin sassa, iyayenmu masu gadi da masu shara, 'yan'uwana ma'aikatan wannan kamfani na katifa, maza da mata, har da waɗanda suka laɓe kusa da ƙofa domin su riga kowa fita, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka miƙa mini lasifika, ni da na fi sabawa da keken ɗinki. An ɗora mini jagorancin kwamitin zaɓo hanyar aika mana saƙon gaggawa, kuma yau za ku ɗaga hannu a kan abin da muka kawo.

Da farko, dalili. Kun tuna safiyar da iska ta tsinko wayar wuta, ta faɗa cikin ruwan da ya kwanta a ƙofar baya. Manaja bai yi sanya ba, nan take ya rubuta a zaurenmu na waya cewa kada kowa ya bi ta nan. Sai aka yi dace da rashin dace, a wannan safiya matar akawu ta sauka. Barka, Allah ya raya, amin, amin, har saƙo tamanin da uku suka hau kan gargaɗin. Ni kaina na tura amin uku ban gan shi ba. Baba mai shara kuwa, da ya shekara goma sha tara yana shigowa ta wannan ƙofa, wayarsa ƙarama ce, ba ta shiga zaure. Saura taku biyar ya taka ruwan, direbanmu ya yi ta danna masa hon har ya ja da baya yana faɗa. Ranar ban iya cin abinci ba.

Na biyu, abin da muka gwada. Mun buɗe sabon zaure na gaggawa zalla. An buɗe ranar Litinin, ranar Laraba wata ta saka tallan zannuwan gado. Ba zan kalli kowa ba, amma hali zanen dutse ne. Muka ce to, kowane shugaban sashe ya kira mutanensa. Jama'a, wa zai kira babba ya fara da batun gobara? Sai an tambayi gida, an tambayi yara, an tambayi gajiya. Kafin a kai mutum na goma, ai toka za a tarar.

Saboda haka muka koma ga hanyar da ke tura rubutaccen saƙo ga kowace waya a lokaci guda, babba da ƙarama, da data ko babu, kowa ya amsa da lamba ɗaya kurum, ba amin, ba Allah ya kyauta. Muka gwada. Mu ɗari da arba'in ne, amsa ɗari da talatin da tara ta dawo cikin minti shida. Har na fara washe baki.

Na uku, wannan guda ɗayan da ya rage, wato Baba mai shara. Na samu Baba a bayan sito, na tambaye shi ko saƙon bai shigo ba, ya kuma yarje mini in faɗa muku amsarsa. Ya ciro wayar, ga saƙon nan a rufe. Ya ce, "Ya shigo, 'yata. Na adana shi ne. Sai na koma gida da yamma jikata take karanta mini."

Shekara goma sha tara muna manna masa sanarwa a bango, ba wanda ya taɓa tambaya ko ya iya karatu. Kunya ta kama ni, ta kama kwamitin.

Don haka roƙonmu shi ne a amince da wannan hanya, amma da sharaɗi: duk wanda bai amsa ba cikin minti biyu, wayarsa ta yi ƙara, murya ta faɗa masa da baki. In ba a sa wannan sharaɗi ba, ni dai hannuna ba zai tashi ba.

Allah ya tsare mu a bakin aiki da kan hanya, ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya, ya ƙara wa iyayenmu tsawon rai a cikinmu.

Na gode.